Ledar siramik a gilashin mota: ta gefe ta biya kuɗinta, ta gaba ta kusa ja mini asara

Duk wanda yake tuƙi a Kano tsakanin watan Maris da na Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa mutum ya kashe kuɗi mai kauri a kan ledar gilashin mota. Motata Corolla ce 'yar Kwatano, ta zo da gilashi fari tas, kuma harkata tana kai ni Azare da Potiskum akai-akai, saboda haka rana tana samuna a hanya ba tare da wata kariya ba. Baƙar leda mai araha, wadda rini ne kawai a jikinta, na san ƙarshenta a motocin abokai: takan koɗe ta koma ruwan shanshanbali, sannan ta yi ƙuraje a gilashin baya. Mai ƙarfe a ciki kuma ana kuka da ita wajen raunana sabis ɗin waya da taswira. Shi ya sa tun kafin in bar gida na yanke shawarar cewa siramik zan saka, wato ledar da take tare zafi da wasu ƙananan ƙwayoyi a cikinta maimakon ƙarfe, ban san cewa a cikin siramik ɗin ma akwai zaɓin da ya fi wannan wahala ba.

A shagon da na je an shimfiɗa mini iri uku, dukkansu da sunan siramik. Ta farko ba ta da sunan kamfani a jikin kwalinta, ta biyu tana da suna da 'yar takarda mai lambobi, ta uku kuma ita ce ake ajiyewa a ciki, ba a fito da ita sai an ga alamar mai saye zai iya. Mai shagon ya kunna wata jar fitila mai zafi, ya sa na kara tafin hannuna, yana sauya gilasan gwaji ɗaya bayan ɗaya a tsakanina da fitilar. Da ta farko na ji zafi ya ragu, da ta biyu ya kusa ɓacewa, da ta uku kuwa ban ji wani bambanci da ta biyu ba. Sai ya ce mini, "Alhaji, ka ji da hannunka, wannan da waccan duk kashi 90 da wani abu suke tarewa, suna kawai za ka biya a ta ukun." Na ɗauki wannan magana a matsayin gaskiyar ɗan kasuwa da ba ya son ya cuci mai saye, na zaɓi ta tsakiya. Na sa mai barin kashi 35 na haske ya shiga a ƙofofin gaba, mai kashi 20 a ƙofofin baya da gilashin baya, sannan mai kashi 70, wadda kusan fara ce, a gilashin gaba.

Dole in faɗi alherin da na gani, domin a bazarar farko na yi ta yabon wannan leda har mutane suka gaji da ni. Zafin nan da yake cizon fata ta gefen direba ya tafi, sitiyari ya daina ƙona hannu idan ana tafiya, esi da a da sai na kai shi ƙarshe ya koma yana wadatar da ni a mataki na biyu, kuma wayata ba ta taɓa rasa sabis saboda ita ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne farar ledar gilashin gaba, wadda mai kallo daga waje ba zai ma san an saka ta ba, amma ita ce ta fi sauya yanayin cikin motar, domin gilashin gaba ya fi kowanne faɗi kuma a kwance yake yana fuskantar sama. Iyakarta ɗaya da na lura da ita tun da wuri ita ce motar da aka ajiye a rana tun hantsi har azahar zafi take yi ko da leda ko babu, domin siramik shanye zafi yake yi ya riƙe a jikin gilashi, sai iska ta kwashe shi idan mota tana gudu. Wannan ban ɗauke shi laifi ba.

Laifin ya bayyana ne da shigowar hunturu. Ina dawowa daga Azare da yamma, bayan la'asar sakaliya, na fuskanci yamma sosai, rana ta sauko daidai saitin ido kuma hazo ya cika sararin sama. Kafin in kai Wudil sai gilashin gaba gaba ɗaya ya yi fari, kamar an watsa masa ruwan koko. Na ɗauka ƙura ce, na fesa ruwa na kunna waifa, babu abin da ya sauya. Na tsaya a gefen hanya na goge ciki da waje da tsumma mai laushi, na koma kan titi, farin yana nan yadda yake, domin ba a kan gilashin yake ba, a cikin ledar yake. Duk wanda ya san wannan hanya ya san cewa a irin wannan lokaci ne masu babura da 'yan kasuwar ƙauye suke komawa gida, ga tireloli da ba dukkansu ne suke da fitilar baya mai aiki ba. A wani wuri wata babbar mota ta rage gudu a gabana, kuma ban gane cewa ta rage ba sai da na matso kusa da ita ƙwarai, na taka birki da ƙarfin da ya sa kayan da ke kujerar baya suka zube ƙasa. Allah ne ya kiyaye. Sauran tafiyar da gilashin gefe a sauke na yi ta, ina leƙa kai lokaci-lokaci, ina tafiyar da ko mai keke zai iya raina ta, har rana ta faɗi. Da duhu ya shiga sai wata matsalar ta karɓi ta farko, domin kowace fitilar mota mai zuwa ta riƙa bajewa a gilashin tana yin kewaye mai faɗi, musamman fararen fitilun nan masu kashe ido da suka cika hanya yanzu.

Daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma shi ne abin da mai shagon bai faɗa mini ba. Ledar siramik tana tare zafi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da aka baza a cikinta, waɗanda ido ba ya iya gani. Idan ƙwayoyin ba su yi ƙanƙanta sosai ba, ko suka dunƙule wuri ɗaya wajen haɗawa, sukan warwatsa hasken da ya bugi gilashi a karkace, sai ya zama hazo a idon direba. Da tsakar rana, lokacin da rana take sama, ba a ganin wannan, kuma a cikin shago mai rufi ba za a taɓa ganinsa ba. Jar fitilar gwaji kuwa ba ta auna tsabtar gani ko kaɗan, abin da take nunawa kawai shi ne yadda leda take tare irin zafin da ita fitilar take fitarwa.

Lambar nan ta kashi 90 da wani abu ma tana da nata wayon. Kusan rabin ƙarfin hasken rana ne kawai yake zuwa a matsayin zafin da ido ba ya gani, wato infared. Yawancin sauran yana cikin hasken da muke gani, sai ɗan kaɗan da yake cikin hasken nan mai ƙona fata da koɗar da kujeru, wanda kusan kowace leda mai kyau take tare kashi 99 nasa. Kamfanoni da dama suna auna infared ɗin ne a wani ɗan siririn yanki nasa, inda ledarsu ta fi ƙarfi, su buga wannan lamba da manyan haruffa. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce ta jimillar ƙarfin rana da leda take tarewa, wadda ake rubutawa TSER, kuma a ledoji masu kyau takan tsaya ne tsakanin kashi 50 da 70, ta ragu idan ledar fara ce. Manyan kamfanoni irin su 3M da LLumar da XPEL da SunTek suna wallafa wannan lamba ga kowane mataki na duhu. A takardar ledar da aka sayar mini babu ita sam.

Na koma shagon da wannan ƙorafi, kuma a nan ne raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a hanyar Wudil. Da farko mai shagon ya ce ruwa ne bai gama bushewa ba, alhali ledar ta kwashe bazara da damina a jikin motar. Sannan ya ce wataƙila na goge ta da maganin goge gilashi mai amoniya, wanda shi da kansa ya hana ni tun ranar farko kuma ban taɓa kusantarsa ba. Na ce masa, "Malam, mu bari rana ta yi sanyi, ka shiga ka zauna a kujerar direba, mu juya motar ta kalli yamma." Da ya zauna ya gani da idonsa, sai ya yi shiru, daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk siramik yana da ɗan wannan, amma gaskiya ta ukun ba ta kai haka ba." Wato bambancin da ya ce mini suna ne kawai, ashe ya san ba suna ba ne. Garantin da ya yi mini da baki kuma sai ya zama na ɓarewa da ƙuraje kaɗai, hazo ba ya ciki, kuma rasit ɗin da ya ba ni ko sunan ledar ba a rubuta a kai ba. Bayan doguwar magana muka daidaita a kan ya yafe kuɗin aiki, ni kuma in biya kuɗin leda ta ukun don gilashin gaba. Na biya gilashi ɗaya sau biyu ke nan.

Sabuwar ledar ta fi ta da nesa ba kusa ba. Na sake bin hanyar a irin wancan lokaci, hazon yana nan ɗan kaɗan idan rana ta daki gilashi kai tsaye, amma bai hana ni ganin abin da ke gabana ba, kuma fitilun dare sun daina bajewa. Wajen tare zafi ban ji ta fi ta tsakiyar da wani abin kirki ba, a nan mai shagon bai yi ƙarya ba. Kuɗin da aka ƙara na tsabtar gani ne, kuma a gilashin gaba wannan ya fi komai.

Sai dai ina rubuta wannan ina tuna wasu abubuwan da yabon farko ya sa na kau da kai a kansu. Wajen cire tsohuwar ledar yaran shagon sun bar ruwan sabulu ya gangara cikin dashbod, rediyon motar ya yi kwanaki yana ɗaukewa yana dawowa, kuma sun bar ɗan tabon gam kusa da madubin tsakiya wanda har yau yana nan. Mai kashi 20 da ke baya, wadda iyalina suke so saboda sirri, azaba ce wajen yin ribas da dare a lungunan da babu fitilar titi, har sai na sauke gilashi. Da yau zan zaɓa, kashi 35 zan sa a baya ma, domin a siramik duhu ba shi ne babban abin da yake tare zafi ba. Ƙurar hunturu da take maƙalewa a robar ƙofa kuma ta fara zana siraran layuka a ledar gefen direba, saboda yawan saukewa da ɗagawa.

Akwai kuma batun hukuma, wanda babu mai shagon da zai fara ɗauko maka shi. Dokar da ta hana gilashi mai duhu a Najeriya tun 1991 take, kuma ta ba da damar izini ne bisa dalilin lafiya ko na tsaro. A 2025 rundunar 'yan sanda ta dawo da neman takardar izinin ta intanet, Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya kuma ta kai maganar kotu. Ko me ake ciki a kotu, a shingen bincike duhun gilashi ne yake jawo a tsayar da mutum, ba irin ledar ba. Farar ta gaban ba ta taɓa jawo mini tambaya ba, ta bayan ce take sa a ce in faka, wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ganin mai kashi 20 ba ta cancanci wahalarta ba.

Ga ƙofofi, siramik na tsakiya ya ishe ni kuma zan sake sayensa, amma ba a wannan shago ba. Ga gilashin gaba, ko dai a sa mafi tsabta da aljihu zai iya ɗauka ko a bar shi yadda kamfani ya yi shi, domin gilashin gaba mai ninki biyu ne kuma da ma yana tare yawancin hasken da ke ƙona fata. Wanda zai saya ya nemi a ba shi gilashin gwajin ya fita da shi waje bayan la'asar, ya ɗaga shi saitin rana a karkace ya duba ta cikinsa, ya nemi lambar TSER a rubuce, kuma kada ya biya sai an rubuta sunan ledar da matakin duhunta da abin da garanti ya ƙunsa a kan rasit.