Wata takwas a shagon koyon gyaran waya, da idon da ba ya hawaye

Shagon yana bayan Kasuwar Dole ta Damagaram, ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, tebur uku, fanka ɗaya a rataye. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai inda zan kushe shi, mai shagon kuwa ya yi mini halaccin da ba zan so in tozarta shi a idon duniya ba. Jika 60, wato sefa dubu sittin, na biya kuɗin koyo na wata shida, kashi uku, sai ya bar ni na ƙara wata biyu bai karɓi ko dala ba.

Ma'aunina ba irin na sauran yaran shagon ba ne. Da sikila aka haife ni, SS. A 2007, ina da shekara tara, kawuna da ke aiki a Faransa ya yi ta faɗi-tashi har aka kai ni can aka yi mini dashen ɓargo. Likitoci sun ce tsakanin ƴan uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace ɗaya ce cikin huɗu. Mu biyar ne a ɗakinmu, Yaya ce kaɗai ta dace da ni. Aka ba ni magani mai ƙarfi ya kashe ɓargona, aka zuba mini nata ta jijiya kamar ana ƙarin jini. Tun daga ranar, ciwon ƙashin nan mai sa yaro ya ciji matashi bai sake tashi ba, alhamdu lillahi. Yau in an gwada jinina AS yake nunawa, irin na Yaya.

Sai dai dashen ya bar baya da ƙura. Kan ƙashin ƙuguna na hagu ya riga ya lalace tun kafin a je, kuma sabon ɓargo ba ya raya ƙashin da ya mutu. Sannan ɓargon Yaya ya ɗauki jikina baƙo, ya far wa wurin da ke samar da hawaye, idona ya bushe har yau. Fatata ba ta shiri da rana. Gajiya kuma ba ta sallama. Amma a unguwa magana ɗaya ce: "Ai ka warke." Wanda aka kai har Turai aka yi masa magani ba shi da bakin cewa ya gaji.

Na gwada kabu-kabu cikin hunturu, kwana goma sha ɗaya, idona ya koma kamar gauta. Na riƙe wa wani lissafi a shagon siminti, ƙura ta kore ni. Na kai takarda wani ofis, ana jin tarihin lafiyata aka ce za a kira ni, ina nan ina jira. Shekara uku na rasa a makaranta saboda jinya, a BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, na tsaya. Da wannan tarihin na shiga shagon.

Wajen koyarwa, ban da abin cewa sai yabo. Watan farko maigida bai bar ni na taɓa wayar kowa ba. Kwali ya turo mini cike da matattun Itel da Tecno, ya ce in kwance in mayar, in kwance in mayar, kowace kusa in jera ta bisa mayen ƙarfe yadda na ciro ta. In na gama ya ga kusa ɗaya ta yi saura, ba ya faɗa, sai ya ɗora ta a tafin hannuna ya koma wurinsa. Ranar da ya fara ba ni canjin bakin caji, har yanzu ina ganinta. Ƙafafun abin ƙanana ne kamar gashin gira, dalmar da ake ɗiga wa kowace ba ta kai ƙwayar gero ba. Ina leƙe ta madubin ƙara girma, hannuna na rawa, kan ƙarfen liƙin na ta kusantar wani ɗan ƙurjin baƙi da ke gefe. Ya tsaya a bayana, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Sannu dai, yaro. Wuta ba ta san wayar tsada ba." Da na jona caja na ga alamar batir ta kama, sai da na tashi na zaga rumfar sau biyu, da ɗingishina.

Abin da ya fi saye ni da shi kujera ce. Ranar farko benci aka nuna mini, marar majingina, kafin azahar ƙuguna ya ɗau zugi. Na ce, "Maigida, ku yi haƙuri, zaman bencin nan ba zan iya ba." Bai tambaye ni takardar likita ba, bai ce ai ka warke ba. Washegari na tarar da kujerar ƙarfe mai majingina da tsohon matashi a kai, daga gidansa ya ɗauko. Ya yarda in zo bakwai da rabi in tashi bayan azahar, kafin kwanon rumfar ya fara gasa mutane. Sau biyu na tafi Yamai ganin likita, tafiyar kusan kilomita 900, a duba jini da maƙoshi da ƙugun, kowace tafiya ta ci mako guda, bai taɓa lissafa mini ba. Duk awa ɗaya nakan tsaya in ɗiga ruwan ido na farmasi. Yara suka sa mini suna mai sayen hawaye. Ya ji, ya ce musu kowa da abin da yake saye, wani ma hankali ne ya kamata ya saya. Sunan dai ya bi ni, ni ma yanzu dariya yake ba ni.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ɗakin ba shi da taga. Hayaƙin dalma da na man liƙi nan suke taruwa, ga fanka na hura su kai tsaye cikin fuska. Mai lafiyayyen ido zai ɗan ji yaji ya wuce. Ni kuwa iskar fankar kaɗai ta ishe ni, balle a haɗa da leƙen madubi, inda mutum yake manta ƙiftawa. Sau uku na yi masa maganar a fasa taga ko a sa ƙaramar fanka mai zuƙe hayaƙi, amsar kullum mai ɗakin ne bai yarda ba. Sai ni na sayi tabarau mai rufe gefe, na ja teburina bakin ƙofa. Babu makewayi, sai an je masallaci. Ruwan sha jarka ɗaya ce daga wurin ƴan ga-ruwa, ta mutum bakwai, a watan Afrilu kafin sha ɗaya ta ƙare. Da gorata nake zuwa.

In an ɗauke wuta, batirin hasken ranar da ke shagon fitila da ƙarfen liƙi kawai yake ɗauka, injin iska mai zafi sai ya kwanta, darasin ranar ya zama hira. Ɓangaren kwamfuta, wato sake wa waya manhaja, sama-sama aka yi mana shi, ƙanensa ake tura wa irin wannan aikin, kuma na lura ba a son mu iya. Wannan ya sosa mini rai, don shi ne aikin da ba hayaƙi, wanda ya fi dacewa da ni. Ba a ba da takardar shaida. Abin da ɗan koyo ya fasa kuma shi zai biya: gilashin wata Tecno ya tsage a hannuna, jika 9 ta tafi, aka jira mako kafin wani ya iso daga Kano.

Kuɗin farko da na samu da hannuna jika ɗaya da rabi ne, Inna na kai wa. Ta riƙe su ta yi shiru, can ta ce saura aure. Ita gwajin AS take gani. Ni na san dashe jini ya canza, bai canza abin da zan gadar ba, duk ɗan da zan haifa S zai karɓa daga wurina, in ma maganin da aka ba ni a 2007 ya bar mini haihuwar. Wannan zancen ba na shagon waya ba ne, na dai faɗa don masu irin tarihina su je gwaji tun kafin a kai goro.

Wanda ƙafarsa ko ƙugunsa ke ba shi wahala amma idonsa da huhunsa lafiya lau, ya je, ba zai yi da-na-sani ba. Mai bushewar ido ko mai asma ya fara zama yini ɗaya a ɗakin kafin ya biya kashin farko. Ni yanzu teburina yana zauren gidanmu a Garin Malam, tsakanin ƙofa biyu, iska na ratsawa ta bayana. Satin da ya wuce na kai wa maigida wata Samsung da ta gagare ni. Kujerar tana nan da matashinta, wani yaro mai shan-inna ne a kai yana jera kusoshi. Tagar har yanzu ba a fasa ba.