Kwandalar rapen 10 ta Suwizalan: maki hudu cikin biyar

Jama'a yau ba waya ko takalmi zan yi wa sharhi ba, kwandala ce, yar karama fara da ake ba mutum canji da ita a shagunan Suwizalan. Rapen 10 kenan, masu Faransanci irin mutanen Jeniba su ce santim 10, guda goma ne ke yin faran daya.

Abin da ya sa na ga ta cancanci a yi maganarta shi ne tun 1879 ake buga ta da kamanni daya, kan wata mata mai suna Libertas a gaba, lamba 10 a baya ganye ya zagaye ta, nauyi giram 3, hadin tagulla da nikel. Wadda aka buga a 1879 din har yau kudi ce, ka mika a shagon burodi a karba ba wanda zai ce maka uffan. Masu littafin bajinta na duniya, Guinness, ma sun saka ta a matsayin mafi dadewa da ake kashewa ba a canza ta ba. Ku tuna fa a shekarar Turawa ba su ci Kano ba tukuna, da wuri kakanninmu ke ciniki a Kurmi.

Wajen karko kam ba magana. Tsofaffin za ka ga gashin matar ya shafe, rubutun gefe ya yi laushi saboda yawon hannu, amma shekarar na nan ana karantawa, shi ya sa na koyi juya kowace kafin in jefa aljihu, yan shekarun 1960 da 1970 suna fadowa jefi-jefi, wadanda suka fi haka tsufa kuwa masu tara kwandaloli sun riga ka.

Sai dai ba kowace tsohuwa ke ci ba. Daga 1932 zuwa 1939 da zallar nikel aka buga su, an janye wadannan a 2004, in kana kokwanto kara mata maganadisu, in ta manne to ta ajiya ce kawai. Haka rabin faran da faran daya da biyu, zanensu tun shekarun 1870 ne amma da azurfa ake yinsu har 1967, da azurfa ta yi tsada mutane suka fara narkar da su sai aka sauya karfen, don haka ba su kamo rapen 10 a wannan gasar ba.

Inda na rage maki daya: rikitarwa. Rabin faran ya ninka ta sau biyar a daraja amma ya fi ta kankanta, kuma launinsu daya, wallahi bako sai ya yi ta lalube a gaban kashiya layi na jiransa. Dabarar ita ce ka shafa bakin, na rabin faran yana da zara-zara, na rapen 10 sumul yake. Sannan ita kadai ba ta sayen wani abin kirki, kuma matasa da yawa sun koma kati da Twint, manhajar biyan kudi ta waya da ake amfani da ita a can.

Duk da haka ana karbarta, ba kamar naira daya da naira biyu da CBN ya fitar a 2007 ba, da ko mai ruwan leda ba ya kallo. In kana da dan uwa a can ka ce ya dubo maka mai tsohuwar shekara cikin canjinsa, kar ka biya masu talla a intanet kudi mai yawa kan wadda ta sude.