Manhajar zana allon PCB: wacce za ka ɗauka, wane rumbun kaya za ka yarda da shi

Idan ka gaji da cusa wayoyi a allon gwaji kana so ka zana naka allon PCB, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kai, layukan tagulla su maye gurbin wayoyi, ni dai a nan Jos manhajar KiCad nake nuna wa kowa, kuma ba na ɓoye son da nake mata.

Kyauta ce, ba ta ƙayyade maka girman allo. Wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, daga baya cibiyar bincike ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne, da ka sauke ta ba ruwanka da intanet. Data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, aikinka na nan cikin kwamfutarka. Tana zuwa da rumbunta na alamomi da sawun ƙafafun kaya, wato zanen inda kowace ƙafa za ta zauna a allo, kuma sai an tantance sabon abu kafin a saka shi ciki. Ga hoton 3D, ka juya allon ka ga ko doguwar kafasito za ta tokare murfin akwati. Makon farko za ka ji jiki da maɓallanta, amma ka daure.

EasyEDA tana da sauƙi, ga ta haɗe da kantin kayan lantarki na LCSC da masana'antar buga allo ta JLCPCB a Chaina, sai dai yawancin aiki a burauza ake yi, kuma wasu sawun masu amfani ne suka zuba su. EAGLE kuwa, kamfanin da ya mallake ta, Autodesk, ya sa Yunin 2026 a matsayin ƙarshen tallafa mata, kada ka ɓata lokacinka. Altium ta manyan kamfanoni ce. Proteus ɗin da ɗalibai ke yawo da ita a filashi ta sata ce, sau da yawa da bairos a ciki.

Ko daga wane rumbu ka ɗauko sawu, ka gwada shi da takardar bayanin kayan. Misali, tiransistocin BC547 da 2N3904 jikinsu iri ɗaya ne, amma ƙafafunsu a juye suke. Ka buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan a kai, ka tabbata kowace ƙafa ta hau raminta kafin ka biya kuɗin buga allo.

Sai jabu, wanda shi ne ya fi ci min rai. An taɓa sayar min da LM2596, ɗan guntun da ke rage ƙarfin wuta, a wani shago, mai shagon har da rantsuwa. Ina jona shi ya ɗauki zafi, ya ƙona min Arduino ɗina, ƙaramin allon kwamfutar da nake aiki da shi. Na gaske yana aiki a kan 150 kHz, wato saurin kunnawa da kashewarsa, jabun da yawa kusan 50 kawai suke yi, rubutun jikinsu kuma sak. Don haka ka goga auduga mai asiton, ruwan goge fentin farce, a bayan kayan. In baƙi ya biyo ta, an sake masa fenti ne. Ka duba ƙafafu da kyau, in ka ga ragowar dalma, daga tsohon allo aka ɓamɓaro shi. Farashin da ya yi araha fiye da kima ma abin tuhuma ne.

Kuma ka fara sayen kayan kafin ka zana. Ba duk abin da ke cikin rumbu za ka samu a kasuwar Terminus ba, musamman ƙananan da ake manna su a saman allo. Mai farawa ya tsaya kan masu ƙafa, tazarar milimita 2.54, ya sayi biyu-biyu, ya gwada ɗaya da mita tun a shagon.