libssl.so.1.1 a Ubuntu 22.04: tsohon fakej ko Docker?

Malam, ka ce ka ɗora MongoDB 5.0, manhajar rumbun bayanai, a sabarka ta Ubuntu 22.04 ya ƙi tashi, yana ta cewa "libssl.so.1.1: cannot open shared object file", kuma wani ya ce ka ɗauko tsohon fakej na 20.04 ka saka, wani kuma ya ce ka jefa shi cikin Docker kawai, wato kwantenar da ke killace manhaja da kayanta, kana tambayar wanne ya fi. Toh duka biyun na yi su, kuma dukkansu suna aiki.

Ba lalacewa sabarka ta yi ba. Ubuntu 20.04 da OpenSSL 1.1.1 ya zo, wato laburaren da ke ɓoye sadarwa, 22.04 kuma ya koma OpenSSL 3.0, fayil ɗin ya zama libssl.so.3, shi kuwa MongoDB 5.0 da tsohon aka gina shi, shi ya sa yake neman abin da babu. Ka buga ldd a kan mongod, wato manhajar MongoDB ɗin kanta, za ka ga "not found" a gaban libssl.so.1.1 da libcrypto.so.1.1, su biyu ne suka ɓace ba ɗaya ba. Kuma dan Allah idan wani ya ce ka yi ln -s daga libssl.so.3 zuwa sunan tsohon, kar ka yi. Lambar nan ta ƙarshen sunan ba ado ba ce, idan ta canza to cikin laburaren ya canza ke nan, yawanci sai kawai ya dawo ya ce maka version OPENSSL_1_1_0 not found, ka ɓata lokacinka a banza.

Hanyar tsohon fakej ita ce mafi sauri, minti biyar ka gama. Ka sauke fayil ɗin deb na libssl1.1, ka saka shi da apt install ./sunan fayil ɗin, ba dpkg -i ba, domin dpkg ba ya nemo maka sauran abin da fakej ɗin ya dogara da su. Yana zama gefe da libssl3 lafiya lau tunda sunayensu daban ne. Matsalar ita ce daga ranar nan babu mai kula da shi, apt upgrade ba zai taɓa shi ba saboda ba ya cikin ma'ajiyar 22.04, kuma OpenSSL 1.1.1 ɗin kansa an daina yi masa gyaran tsaro na kyauta tun watan Satumba 2023, ga shi kuma shi ne yake riƙe maka TLS, wato tsaron sadarwa, na rumbun bayananka. Abin da ya fi wannan muni, wasu sai su ƙara layin focal, wato ma'ajiyar 20.04, a sources.list su manta da shi a can, na taɓa karɓar wata saba da aka yi wa haka, apt yana ta kukan "unmet dependencies" fakej ɗin tsara biyu sun cakuɗe, wallahi kwana biyu na yi ina warwarewa.

Docker kuwa da farko ya fi wahala, musamman in ba ka saba da shi ba, amma mongo:5.0 yana zuwa da laburarensa a cikinsa, ba ruwansa da abin da ke sabarka, ba ka taɓa apt ba, ranar da ka gaji da shi ka goge kwantenar shi ke nan. Sai dai kar a ruɗe ka, tsohon OpenSSL ɗin yana nan a ciki, killace shi kawai aka yi. Abu biyu ne ke cizon mutane a nan. Idan ba ka haɗa /data/db da volume ba, wato wurin ajiya na wajen kwantena, ranar da ka sake kwantena za ka ga rumbun ya tashi fayau. Na biyun shi ya fi ba ni tsoro: idan ka rubuta -p 27017:27017, Docker yana rubuta dokokinsa na iptables ya tsallake ufw, wato firewall ɗin Ubuntu, kai kana ganin ka rufe ƙofa alhali duk intanet na iya ƙwanƙwasa maka, don haka 127.0.0.1:27017:27017 za ka rubuta in manhajarka a sabar ɗaya take.

Ni dai idan na gwaji ne da za a rushe mako mai zuwa, in saka deb ɗin in wuce. Idan kuwa bayanan mutane ne a ciki, Docker zan ɗauka, kuma shi ma na wucin gadi, tunda MongoDB 5.0 ya daina samun tallafi tun Oktoba 2024. 6.0 da 7.0 suna da ma'ajiyar jammy, wato ta 22.04, da libssl3 suke aiki kai tsaye. In kana da tsofaffin bayanai ba a tsallake, daga 5.0 sai 6.0, ka ɗaga featureCompatibilityVersion, sannan 7.0, kuma ka yi mongodump, wato ka kwafi bayananka ka ajiye, tukuna kafin ka taɓa komai. In kuma sabon aiki ne babu bayanai, ka share 5.0 ɗin yau ka saka 7.0.