AA ko SMART, wanne ya fi dacewa da mai son barin giya?

Ɗan uwa ka ce ka daɗe kana shan giya a ɓoye, kana Kaduna, kana son ka bari amma kai kaɗai abin ya gagara, ka ji ana maganar AA da SMART, ƙungiyoyin da masu son barin shaye-shaye ke haɗuwa suna taimakon juna, kana tambaya wanne ya fi kuma a ina ake samunsu. Allah Ya ba ka ikon bari, fitowa ka yi tambayar nan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

AA, wato Alcoholics Anonymous, ita ce babba kuma tsohuwa, a 1935 aka fara ta a garin Akron na Amurka, wasu mutum biyu da giya ta wahalar da su, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gane in suna haɗuwa suna hira sun fi iya riƙe kansu. Matakai 12 ake bi, na farko ka yarda giya ta fi ƙarfinka, sannan ka miƙa lamarinka ga Allah yadda ka fahimce Shi, ka yi wa kanka hisabi, ka je ka nemi yafiyar waɗanda ka cuta. A zama kowa faɗin nasa yake yi ba mai katse shi ba mai yi masa wa'azi, sunan farko kawai ake faɗa, ba a biyan ko sisi. Abin da ya fi burge ni shi ne sifonsa, wato wani da ya riga ka bari wanda za ka iya kira ko ƙarfe biyun dare in sha'awar ta taso, wanda ya san yadda hannu ke rawa da asuba ba sai ka tsaya yi masa dogon bayani ba.

SMART kuwa a 1994 ta fara, ita ba ruwanta da maganar addini ko matakai, kuma ba a ce sai ka kira kanka mashayi ba. Akwai mai jagora da aka horar, ana tattaunawa ana mayar wa juna magana, ana koyon dabaru irin na likitocin halayya: me ke tunzura ka, albashi ne ya shigo ko faɗa da iyali ko bi ta wata hanya da yamma, da yadda za ka daure har sha'awar ta lafa don takan hau ne ta sauka. Ta fi kama da aji.

Toh ni a ganina ka fara da AA, dalili kuwa yawan tarukanta. Tarukan ido da ido a Najeriya sun fi yawa a Legas da Abuja, saboda haka kai ta waya za ka fi samu, kuma AA na da taro a Zoom kusan kowane awa dare da rana, ka nemi Online Intergroup na AA za ka ga jerin. SMART ma tana da na intanet a shafinta amma ba su kai haka yawa ba kuma lokutan sukan faɗa tsakar dare a wajenmu. Ta waya za ka iya kashe kyamara ka saurara kawai, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne a inda in aka ganka ka shiga irin wurin gobe duk unguwa ta ji, har a fasa ba ka aure. Matsalar duka biyun ita ce yawanci da Turanci ake yi, ga kuɗin data.

In abin da ke damunka da AA shi ne wasu tarukan a ɗakin coci ake yi ko ana rufewa da addu'ar da ba taka ba, akwai Millati Islami, Musulmai ne suka kafa ta a garin Baltimore na Amurka a 1989, matakai 12 ɗin ne amma bisa Alƙur'ani da Sunna. Uwargida ko Hajiya kuma akwai Al-Anon, na iyalan mai sha ne.

Amma don Allah kafin duk wannan, in kullum kake sha kuma in ka tashi da safe jikinka na karkarwa har sai ka kurɓa, kada ka yanke lokaci ɗaya a ɗaki kai kaɗai. Daga awa 6 zuwa 24 rawar jiki da gumi ke farawa, wasu su yi jijjiga kamar farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wasu su fara gane-gane da sambatu, kuma yana kisa. Ba AA ba SMART, babu mai ba da magani a cikinsu. Kana Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na da sashen masu shaye-shaye, je ka ga likita ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, kuma ka tambayi ma'aikatan ko akwai zaman da waɗanda aka sallama ke yi, su suka fi sanin na kusa. NDLEA ma na da layin kyauta, 0800 1020 3040. Kuma in dangi suka kawo shawarar gidan mari kada ka yarda, kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a 2019, mutane sama da 300 wasu ɗaure da sarƙa.

Ka shiga zama uku ko huɗu daban-daban kafin ka yanke hukunci, don kowane rukuni da halinsa, kuma ba wanda ya hana ka haɗa biyun.