Gida ko makaranta? Amsa ga Maman Ilham

Maman Ilham, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce Ilham shekararta huɗu, yayanta Abba bakwai, kuɗin zango ya sake tashi, ɗan kabu-kabun da ke kai su ya ƙara nasa, sai maigida ya ce tunda kina da takardar malanta, me zai hana ki zaunar da su gida ki koyar da su da kanki. Kina son a jera miki biyun ki gani. Na yi shekara 11 ina koyarwa a firamare nan Gusau, na gidan ma na ɗanɗana shi a 2021 ba da son raina ba.

A wajen koyon karatu da ƙirga, gida ya fi, kuma ba da kaɗan ba. Ajin ƙarshe da na riƙe yara sun haura sittin. Kafin in kira suna, in raba faɗa, in sa a zauna, rabin darasi ya tafi. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba sai ya riƙa motsa baki tare da sauran, har ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. A gida kuwa idonki na kan yatsan yarinya. Ta rikita b da d, nan take kin gani. Rabin awa a kan tabarma da safe ya fi mata yini guda a irin wancan ajin.

Sannan a gida ke ke zaɓen harshen da za a fara da shi. Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ba ya daɗewa sai ki ji yana karanta rubutun jikin buhun shinkafa. In wannan ya zauna, Turanci ba ya ba shi wuya sosai. Amma je ki leƙa ajin share fage a yawancin makarantun kuɗi: 'yar shekara uku tana rera waƙar Turancin da ba ta san ma'anarta ba, a haɗo ta da aikin gida wanda ke za ki yi da dare. Kuɗin da ake biya a wannan matakin, in an bi diddigi, na raino ne.

Mu dai ba baƙi ba ne ga karatun gida. Malam Abdullahi na Gwandu wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, daga baya aka miƙa shi hannun yayansa Shehu Usmanu. Nana Asma'u ma cikin gidansu ta yi karatunta. Sai dai a lura, gidan nasu cike yake da malamai, maza da mata. Ba mace ɗaya ba ce da goyo a baya da tukunya a kan wuta.

Nan ne makaranta ke karɓe tutarta. Makaranta ba ta san an yi baƙi ba, ba ta san an yi haihuwa a maƙwabta ba, ƙarfe takwas ƙarfe takwas ne. A watan Satumba na 2021, bayan an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar nan, kwana kaɗan kuma aka katse layukan waya. Na ce ai ni malama ce, wannan ba komai ba ne. Na zana jadawali na manna a bango. Mako biyu muka bi shi. A na uku aka yi rasuwa a dangin maigida, a na huɗu ƙaramar ta kwanta zazzaɓi, bidiyon darasin da na dogara da shi kuma babu hanyar sauke shi. Abin da ya fi ba ni kunya, tsawar da na yi wa ɗana a watannin nan ban taɓa yi wa ɗan wani irinta a aji ba. Shi ma bai ɗauke ni malama ba. Ina cewa ya rubuta, zai ce Mama yunwa yake ji. Ba mu daidaita ba sai da muka haɗu mu uku da maƙwabta, yara biyar a zaure ɗaya, kowace uwa da ranarta. Abin mamaki, nawa ya fi jin maganar maƙwabciyata.

Batun zama da mutane, wanda ake yawan tsoratar da iyaye da shi, a wurinmu bai kai yadda ake faɗa ba. Yaranmu na zuwa Islamiyya da yamma, ga 'ya'yan maƙwabta, ga gidan kaka. Ba za su tashi a kulle ba. Duk da haka akwai abin da sai aji ke koyarwa: bin layi, jiran a zo kanka, tsayawa gaban mutum talatin ka yi magana, a fi ka maki ka haƙura. Ilham ba ta buƙatar wannan yanzu. Abba yana buƙata, kuma Turancin baki ma a cikin tsara ya fi kamuwa.

Kuɗi kuwa, gida ya fi sauƙi, amma ba kyauta ba ne. Za ki sayi littattafai, wataƙila ki ɗauki malamin lesin don lissafi in an yi nisa. Kuma awa biyun safen da za ki ba su, daga ɗinkinki ko sana'arki za ki cire su. Ki lissafa wannan kafin ki ce kin huta da kuɗin zango.

Tsaro ba zan raina miki shi ba. Wanda ya ga satar ɗaliban da aka yi a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da ta kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar, ba a ce masa ya cika tsoro. Amma waɗannan makarantun sakandare ne a wuraren da daji ke kusa. Firamaren da ke layi uku daga ƙofar gidanki a cikin gari lissafinta daban ne. In da a ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa kike, da amsata ta canza, da na ce ki riƙe su duka biyun har Allah Ya kawo sauƙi.

Sai doka da takarda, inda mutane ba su cika dubawa ba. Masu kawo misali da Amurka gaskiyarsu, a can duk jihohi 50 sun halatta koyar da yaro a gida, Ingila ma haka, Jamus kuma ta hana. Mu a nan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku, har da tara ko ɗauri ga wanda aka sake kamawa da saɓawa. Tsakani da Allah ban taɓa ganin an ƙwanƙwasa wa wani ƙofa kan wannan ba, ga yara nan birjik a titi. Matsalar sai ranar da za ki mayar da shi. Hedimasta zai nemi sakamakon zangon baya, babu. Zai gwada shi, in karatunsa ya yi kyau amma lissafi ya yi baya, sai a mayar da shi ajin ƙannensa. Yaro ɗan shekara goma ba ya manta irin wannan. Ita Ilham dokar ba ta hau kanta ba tukuna, shekara shida ake shiga aji ɗaya.

To ni dai, da ni ce ke, raba su zan yi. Ilham ta zauna gida har ta cika shida: baƙaƙe a kan kwali, ƙirga da murafun kwalba ko ƙwallon dabino, tatsuniya da dare, Islamiyya da yamma. Abba kuwa kada a cire shi. In kuɗin ne ya yi nauyi, a nemo ta kusa mai sauƙi, ko ta gwamnati ce, wadda zai taka da ƙafa, ke kuma ki riƙe masa rabin awa bayan Magariba ki toshe abin da aji ya bari.

In maigida ya dage sai duka biyun, ku gwada a dogon hutu mai zuwa kafin ku sallami makaranta. Ki rataye kalanda, duk ranar da aka yi darasi da gaske ki ja layi, ranar da ba a yi ba ki bar ta fara. Bayan wata ɗaya ku zauna ku ƙirga tare. Katunan baƙaƙen da na yanka a 2021 suna nan cikin akwati, har da ɓ da ɗ da ƙ waɗanda ba a samu a na kasuwa. Ki aiko Abba ranar Asabar ya karɓar wa ƙanwarsa.