Adashi ko bashin waya: wanne ne zai raba ki da littafin mai shago?

'Yar uwa, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce mai shagon unguwa yana bin gidanku naira dubu 60 na kayan abinci, makarantar yara na bin dubu 40, albashin maigida dubu 90 ne, ke kuma kina taɓa sana'ar zoɓo da ƙanƙara. Kina so ki san wanne ya fi: ki karɓi dubu 100 a manhajar ba da bashi ta waya ki biya kowa yau, ko ki shiga adashin da ake shirin farawa a layinku. Allah Ya rufa asiri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cefane ya gagari gidaje da yawa.

Wajen sauri, adashi ba ya kama ƙafar manhaja. Ki sa lambar BVN, ki ɗauki hoton fuskarki, kafin shayi ya huce kuɗi sun shigo. Adashi kuwa sai layi ya zo kanki. In ku goma ne kuna zubin dubu 10 duk wata, mai kwasar ƙarshe sai ta jira wata goma. A nan kaɗai manhaja ta yi nasara.

Ki duba abin da za ki mayar. A adashi dubu 100 za ki zuba, dubu 100 za ki kwasa, sai ɗan abin da aka yarda za a ba uwar adashi. A manhaja kuwa, mu ƙaddara ruwan kashi 15 cikin ɗari ne a wata: dubu 115 ke nan ake jira a hannunki bayan kwana 30, alhali duk abin da ke shigowa gidan na albashi dubu 90 ne. Ko ba ku ci ba ku sha ba, kuɗin ba za su kai ba. Wasu ma wa'adin mako ɗaya ko biyu suke bayarwa, su cire kuɗin hidima tun kafin su turo, in an makara kuma tara ta riƙa hawa kullum. Daga nan ne mutum yake buɗe manhaja ta biyu don ya biya ta farko. Ga kuma maganar riba, wadda ni da ke mun san matsayinta a addini. Mai shago bai ɗora miki ko kwabo a kan dubu 60 ɗinsa ba, don me za ki canza bashinsa da mai haihuwa?

Ranar da aka kasa biya ita ce ta fi damuna, domin na gani a gidanmu. Wani ƙanena ya karɓi dubu 20 a manhaja, ya makara da kwana huɗu. Muna zaune bayan Magariba sai ga saƙo a wayar mahaifiyarmu, da hotonsa, an rubuta cewa ɗan damfara ne. Irin saƙon ya je wa surukinsa da limamin masallacinsu. Tsohuwar nan ta riƙe wayar hannunta na rawa, ta ce a karanta mata kuma. Mun biya kuɗin a daren, amma ya yi wata guda ba ya iya zama a majalisa. Gaskiya ne hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta fara yi wa masu wannan harka rajista a 2022, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane a 2023. Sai dai waɗanda ake turo wa mutum ta WhatsApp ya sauke ba su bi ta wannan ƙofar ba.

Adashi ma yana da nasa ciwon, ba zan ɓoye miki ba. Akwai mai kwasa ta daina zubi, akwai uwar adashin da ke cin kuɗin mutane, kuma babu wata hukuma da za ta biya ki in ya rushe. Mai kwasar ƙarshe tana asara a ɓoye: a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, wato dubu 100 ɗinta ba za ta sayi shinkafar da ta farko ta saya ba. Sannan in kika yi kwasar farko, bashi ne a kanki na wata tara, sai dai marar ruwa, kuma masu bin ki sun san ƙofar gidanki da halin da kike ciki. In wata ya zo da rashin lafiya ana iya yi miki uzuri ko ki yi musayar layi da wata.

Ni dai adashi na zaɓar miki, amma da sharaɗi: ki je wurin uwar adashi ki faɗa mata gaskiya, ki roƙi kwasa ta ɗaya ko ta biyu. Da kin sami rana, maigida ya je wurin mai shago da kansa da dubu 10 a hannu, ya ce ga wannan, ragowar ranar kaza, a rubuta a gaban shaida kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Mai bin bashi ya fi jin zafin a riƙa kauce wa layinsa fiye da jinkiri. Makaranta ma a nemi biya kashi biyu, da yawa suna yarda. Daga ranar kuma a daina ƙara rubutu a littafin shago, ko da za a koma awon kullum da ribar zoɓo. Kada ki shiga da hannu biyu don kwaɗayin kwasa mai kauri, zubi ɗaya ne ƙarfinku.

In maigida na da ƙungiyar gama kai a wurin aiki, ya fara tambaya can, domin a hankali ake cira daga albashi. Bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da Taj galibi kaya suke saya wa mutum ya biya sannu a hankali, ba tsabar kuɗin biyan tsohon bashi ba. In abin ya fi ƙarfinku, waɗanda ake bin su bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumar zakka. Ki sanar da ni lamba ta nawa uwar adashin ta ce za ta ba ki, in ta wuce ta uku sai mu sake lissafi tare.